Idon Kaka da Tsutsar Sama

"Lafiya lau, amarya, ya gida, ya awaki? To tashi mu tafi, mota na waje."

"Kai, wannan gaisuwa kamar an biyo ka da sanda? Zauna ka gaishe ni irin ta 'ya'yan mutane."

Musaddiq bai zauna ba. Da sassafe ya baro Birnin Kudu, inda yake koyarwa, ya zo Gwaram don ya kai kakarsa, Hajiya Ummussalma, asibiti a cire mata yanar ido. Likitocin baƙi ne, yau za su gama su tafi. Ya zaci zai same ta da mayafi a ka, sai ga ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube.

"Na fasa," in ji ta.

"Kin fasa me? Auren namu?"

"Wannan ai tun ranar sunanka na fasa shi, da na ga kunnuwanka. Asibitin na fasa."

A waje Ɗanbala direba ya danna hon. Musaddiq ya dubi ƙofa, ya dubi tsohuwar.

"Kaka, don Allah, me ya faru kuma?"

"Ƙanwarka Nasiha ta nuna mini komai a waya. Wata tsutsa ce take faɗowa daga sama, daga wata duniyar. Ta ido take shiga. Sai ta cinye mutum ta ciki ta bar fatar. Ka gan shi yana tafiya, yana cin tuwo, amma 'yarsa ta ruga ta rungume shi ya tsaya yana kallonta kamar turmi."

"Katun ne fa! Zane ne! Da wane idon ma kika gani?"

"Da ragowar na dama. Na manna wayar a hanci. Kai ba da bakinka ka ce za su saka mini wani abu a cikin ido ba?"

"Ɗan gilashi ne, bai kai ƙwayar wake ba."

"Ita ma tsutsar da haka ta fara."

Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Ya kai bakin rijiya ya dawo.

"To ki gaya mini, wace tsutsa ce za ta baro sama, ta tsallake Kano, ta tsallake Dutse, ta zo ta shiga tsohuwa mai wawulo? Ta ci me? Tukar goro da mita? Wallahi in ta shige ki, kafin la'asar za a gan ta a tasha tana neman motar komawa."

"Ja'iri! Ni a zamanina har daga Fagam da Zandam ake zuwa kallona a dandali."

"Shi ya sa har yau mutanen can suke firgita cikin barci."

"Awakina kake hari, na gane ka. A juya mini kai in sa maka hannu."

"Awakin da suka fi ki rama? Ni mata nake so mai gani, kullum kina zuba mini sukari a miya."

"Kai dai tsutsar ta riga ta shige ka, ɗan nema. Tun da ka koma Birnin Kudu a tsaye kake zuwa, a tsaye kake tafiya, ido a waya. Fatar jikana ce dai, amma na ciki ban san shi ba."

Wannan ta ɗan soke shi. Ya buɗe baki zai rama, hon ya sake tashi, ya leƙa ya ɗaga wa direban hannu. Da ya juyo sai ya ga ta daina ɓarar gyaɗar.

"Kakanka ma da ƙafarsa ya shiga asibiti," ta ce a hankali. "Da aka dawo da shi na kai masa ruwa, ya dube ni ya ce, 'Baiwar Allah, wa kike nema?' Haka ya yi ta tambayata har ya koma ga Ubangijinsa. Gara in zauna a duhu ina sanin muryoyinku."

Musaddiq ya tuna shekarar, ya tuna yadda take fitowa daga ɗakin tsohon tana cewa hayaƙi ne ya shigar mata ido. Ya sa wayarsa a aljihu, ya durƙusa a gabanta.

"Wancan hawan jini ne ya taɓa masa kai, Kaka. Wannan ko barci ba za su sa ki ba, ido kawai za su taɓa. Ina bakin ƙofa har ki fito. Kuma zan gwada ki. Zan ce sannu da jiki. In kika amsa da ladabi, kika sa mini albarka, na san ba ke ba ce, a take zan mayar musu da kayansu. In kuwa kika zage ni, sai mu taho gida."

Can kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Allah ya shirye ka, mai kunnen faranti. Miƙo mini mayafina. Amma ka sani, in idon nan ya buɗe na ga muninka sosai, sakina za ka yi."

Ya tashe ta tsaye. A bakin zaure ta tsaya, ta murza zoben azurfar da ke yatsanta har ya fita, ta danƙa masa a tafin hannu, ta rufe da nata.

"Na kakanka ne. Riƙe. Ko wace ce ta fito daga ɗakin nan, kada ka ba ta sai ta zage ka tukuna."