Talabijin Mai Sanin Barcin Tsoho

"Lafiya lau muka kwana, ganinki ne dai ya ɓata mana hantsi," in ji Tsoho, tun ban gama durƙusawa ba. "Wa ya aiko ki?"

"Masu kwashe tsofaffin kaya. An ce guda biyu ne a gidan nan, na zo in duba wanda za a fara ɗauka."

"Ki fara da kanki, 'yar dalma. Tun kina bakin ƙofa nake jin ƙauri, na ce ko gobara ce ko jikata."

Tsoho kakana ne, mahaifin mahaifiyata, tsohon direban babbar mota. Tun ina rarrafe haka muke da shi, ba mu taɓa gaisawa an rabu lafiya ba. 'Yar dalma kuwa ya laƙa mini ne ranar da na buɗe shagon gyaran waya, saboda dalmar da nake narkawa ina liƙi da ita. Amma ranar nan bakin ne kawai yake aiki. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zurma, kwanon abincin da aka kawo masa tun safe yana nan a rufe. Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna, kakata, kujerarta kuma tana gefen tasa da matashin da ya lotsa daidai bayanta. Duk gidan ba wanda ya isa ya zauna a kai, ni ma a kan tabarma na zauna.

Abin da ya kawo ni shi ne talabijin ɗinsu. Tsohuwa ce mai ƙatuwar ƙeya, ta kai shekara ashirin da uku a kan teburin nan, maɓallan jikinta sun daɗe da nutsewa ciki, da rimot kaɗai ake kunna ta. Mako guda da ya wuce rimot ɗin ya mutu. Kawu ya sayo wani a kasuwa, wai mai kama kowace irin talabijin, ya bi lambobin takardar kaf har ya haɗa gumi, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Kawu kuwa mutum ne da ba ya son magana ta kwana. Ya ce yau da ƙarfe biyar zai kawo sabuwa mai faɗi, mai sayen gwangwan ya ɗauke tsohuwar. Tsoho bai yi masa musu ba, abinci kawai ya daina ci. Mahaifiyata ce ta kira ni tana kuka, ta ce in ina da wata dabara in yi ta kafin biyar.

Na fito da dabarar daga jaka. Wata 'yar kwamfutar hannu ce, tsohuwar yayi, girman tafin hannu, da ta daɗe a durowar shagona. A goshinta akwai ɗan baƙin ido mai fitar da irin hasken nan na rimot da idon mutum ba ya gani. Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, tana koyo. In ka haɗa ta kai da kai da rimot ka danna maɓalli, sai ta kama saƙon ta riƙe, daga nan ita ma ta iya aika shi. Na yi wa Tsoho wannan bayani dalla-dalla, yana kallona kamar mai sayar da maganin ƙarya.

"Wato wannan faifan gilashin zai yi wa akwatina magana."

"Zai yi. Ya fi ka jin magana ma, sau ɗaya ake faɗa masa."

"Ni da na tuƙa mota da baya wuni guda cur saboda giyar gaba ta lalace, ke za ki nuna mini na'ura?"

"Bara rabin wuni ka ce. Da alama motar har yanzu tana tafiya."

Ya so ya yi dariya, tari ya tare ta. Na ce ya ba ni rimot ɗin, sai ya dafe aljihun gaban rigarsa. Ashe a nan yake kwana. Da ƙyar ya fito da shi, yana naɗe cikin ledar da Inna ta sa masa ta liƙe da salatif, ledar ta yi rawaya don tsufa. Ya ce in na kuskura na cire ledar nan, zai cire ni daga cikin jikokinsa. Na ce ai tun ina shekara bakwai yake cire ni, kullum sai ya mayar saboda ba mai yanke masa farce. Muka daidaita a kan zan tsaga ta baya kawai, daidai murfin batir.

Batiran sun fashe a ciki, farin gari ya cinye ƙarafan. Abin ya sosa mini rai, don na san Inna ce take canza su, shi ko inda ake buɗewa bai sani ba. Duk zamansu bai taɓa riƙe rimot ba, daga kujera yake ba da oda, ƙara, rage, canza, ita kuma tana dannawa tana ce masa sarkin mulki. Sai bayan rasuwarta ya koyi maɓalli uku ko huɗu. Na goge garin da auduga, na kankare tsatsar, na sa sababbin batira, na leƙa goshin rimot ɗin ta kyamarar wayata. Da rai, amma da ƙyar. Hasken yana ɗan ƙyaftawa kamar ashana mai shirin mutuwa, ko kamu ɗaya ba zai kai ba, balle ya isa tebur. Na san in ban kwashe abin da ke cikinsa yau ba, gobe babu.

Na ajiye rimot ɗin da kwamfutar a kan cinyarsa, goshi da goshi, tazarar yatsa biyu. Na ce shi zai riƙa dannawa, ni in riƙa kamawa. Hannunsa yana rawa, ya ce sanyin ɗakin ne. Na ce ƙwarai, sanyin shekara tamanin. Ya danna jan maɓallin kunnawa, kwamfutar ta yi ɗan kuka ƙit, na zana masa babban maɓalli a fuskarta. Muka bi na tasha gaba da baya, na ƙara murya, na rage murya. Wannan na ragewar ya ba mu wahala, robarsa ta siɗe, sai da ya danna da babban yatsa yana cije leɓe. Ya ce laifin Inna ne, ita ce ba ta son jin labarai da ƙarfi.

Daga nan na juya idon kwamfutar wajen tebur na taɓa gilashin. Talabijin ta yi ƙarar nan tata ta farkawa, hoto ya taso a hankali daga tsakiya. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Nan take na kira Kawu, na kara masa wayar ya ji da kunnensa, na ce ya sallami mai gwangwan. Ya yi 'yan ƙunƙuni, ya ce to, shi dai a ci abinci.

Na juyo ina jiran yabo, sai Tsoho ya taɓe baki.

"Kin tashe ta, ba ki warkar da ita ba. Hankalinta ne ya tafi."

Duk danginmu ba wanda bai haddace wannan labarin ba. Tsoho ya yi shekaru yana cika baki cewa talabijin ɗinsa ta san barcinsa. In ya ci abincin rana ya zauna gabanta barci ya ɗauke shi, sai ta rage murya da kanta, can kuma ta kashe kanta, ya farka ya tarar da ɗaki tsit. Ya faɗa wa tsofaffin direbobi, ya faɗa wa likitan ido, ya taɓa ƙaurace wa maƙwabcinsa tela wata guda don ya ce masa wannan zancen banza ne. In gardama ta yi zafi, Inna yake kira shaida, ita kuma ta ce ƙwarai, akwatin nan da hankali, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Tun ranar da aka fita da kakarki ba ta sake yi ba," ya ce, bai kalle ni ba. "In farka in tarar tana ta ihu ita kaɗai. Ita ma ta ji mutuwar nan. Shi ya sa ban yarda a kai ta bola ba, ba a yi wa mai makoki haka."

Na sunkuya na ce mu ƙarasa sauran maɓallan kafin hasken ya ɗauke. A can ƙasa, gefen hagu, akwai wani ɗan ƙarami da ledar ta huje daidai kansa. Rubutun ya goge, robar ta yi santsi ta lotsa kamar tsohon cokali. Ya ce wannan ba ya aikin komai, shi bai taɓa taɓa shi ba. Na ce maɓallin da ba ya aiki ba ya cin leda. Ya danna, shiru. Ya sake, shiru. Sai a na bakwai, na ɗora yatsana a kan nasa muka danna tare, kwamfutar ta yi ƙit. Na leƙa ta kyamara, hasken rimot ɗin ya ɗauke ke nan, bai sake dawowa ba.

Na nuna kwamfutar ga talabijin na taɓa sabon maɓallin. A kusurwar hoton sai ga ɗan agogo, da lamba talatin a gefensa.

Nan take na tuna wani hutu ina ƙarama. Bayan abincin rana, kan Tsoho ya karkata, bakinsa a ɗan buɗe. Inna ta leƙa fuskarsa, ta riƙa rage murya kaɗan-kaɗan, ta danna wani abu a ƙasan rimot, ta ɗora yatsa a leɓenta tana kallona, ta kwashi kwanuka ta fita. Na tambaye ta me ya sa ba za ta kashe kawai ba, ta ce in sauti ya yanke farat ɗaya zai zabura ya rantse idonsa biyu, yana ji. A lokacin ban gane komai ba.

"Mene ne wancan?" in ji Tsoho.

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Da na ce lambar tasha ce, da ya yarda. Amma yana kallon hujin ledar, yana kallon agogon, na ga ya riga ya fara zuwa wurin da kansa.

"Maɓallin barci ne. In an danna, bayan minti talatin sai ta kashe kanta."

"In an danna."

"In an danna, Tsoho."

Ya ɗauki rimot ɗin ya kawo shi kusa da idonsa. Ya sa babban yatsansa cikin hujin, hujin ya yi masa kaɗan, yatsan da ya huda shi siriri ne. Mai karanta labarai yana ta magana a talabijin, ba wanda yake jinsa.

"Shekara ashirin da uku," ya ce. "Kullum."

"Kullum."

"Har shaida take ba ni. A gaban tela. Matar nan ta bar ni ina rantsuwa a gaban tela." Hawaye suka bi ramukan kumatunsa, bai share ba. "Ni ina yabon akwati, tana zaune a nan. Ko sau ɗaya ban ce mata sannu ba."

Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar rasuwar. Na riƙe hannunsa muka yi tare, ba kunya. Da muka lafa, na ce masa kwamfutar nan tana da agogo, zan iya saita ta kullum ƙarfe biyu da rabi ta aika saƙon da kanta, in dai an jingine ta tana fuskantar tebur. Talabijin za ta dawo da hankalinta kamar da.

Ya girgiza kai. "An yi mini wannan wayon sau ɗaya, da hannun mutum aka yi. Ba zan karɓa daga faifan gilashi ba. Shagonki ba nan bayan titi yake ba? Ba kya tashi cin abincin rana?"

"Kai da ka ce ina ƙauri?"

"Na saba da hayaƙin mota, zan jure."

"Kuma in zo kullum in kalli tsoho yana barci baki buɗe, ƙudaje suna shiga suna fita?"

"Wadda ta fi ki kyau ta kalla shekara ashirin da uku, ba ta yi ƙorafi ba."

Nan kam ya ci ni, na ɗaga hannu. Shi ma dariyar ta ƙwace masa, irin mai haɗe da majina, ya ce to, an ji, ba akwatin ne mai hankali ba, kuma gobe zai je ya ba tela haƙuri in har zai saurare shi. Ya mayar da mataccen rimot ɗin aljihunsa, ya jawo kwanon abincin ya buɗe. Da ya yi loma uku, sai ya nuna mini kujerar Inna da haɓa.

"Tashi daga ƙasan nan. Daga can hasken ya fi isa tebur, tabarma ta yi ƙasa da yawa."

Ni na san daga tabarmar ma yana isa, yanzu na gwada a gabansa. Na tashi na zauna, bayana ya shiga lotsawar matashin. Kafin a gama labarai kansa ya karkata. Na rage murya ɗaya, na jira, na sake rage ɗaya, sannan na taɓa maɓallin, ɗan agogon ya fito.

"Ina ji," in ji Tsoho, idonsa a rufe.

"Na sani," na ce. Na kwashi kwanukan na fita.