Yadda Za Ki Rubuta Wa Babanki Da Gwaggonki Takardar Koke Ba Tare Da Kin Ɓata Wa Kowa Rai Ba

'Yar'uwa, idan ke ma irina ce, wadda ake kira 'Yar Littafi a gida, wadda muryarta ke rawa ko sallama za ta yi, matso kusa. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan za ki fita daga rikicin unguwa babu mai fushi da ke. Na gwada. Yau babu mai jin haushina sai ni kaina. (Rubutuna na farko ke nan wanda ba na wani ba, in kin ga kuskure ki kau da kai.)

Mataki na 1: Ki san abin da ake faɗa a kai

Wani kamfani zai gina cibiyar adana bayanai, wato ƙaton gini marar taga, cike da kwamfutocin da sai an yi ta sanyaya su da ruwa. Kansila ya ce filin gefen rijiya za a ba su. Babanki mai walda ne, shagonsa na kallon filin, har ya fara mafarkin ƙofofin ƙarfen da za a ba shi. Gwaggonki kuwa, yayarsa, da rijiyar nan take shayar da lambunta. Kuma gidanku ɗaya, igiyar shanya ma ɗaya.

"Yaya, ci gaba ne fa ya zo mana," in ji Baba.

"Ci gaban mai haƙan rijiya! Inji ya sha ruwa, tumatirina ya sha rana?" in ji Gwaggo.

In an fara haka, ki ɗaga littafi ki rufe fuska. Ko a juye yake, ba komai.

Mataki na 2: Kada ki koyi cewa a'a

Baba zai kira ki shago, ya ɗage baƙin gilashin walda, ya ce, "Ke ce mai boko. Rubuta wa majalisa takarda, mu masu so a gina. Kada yayata ta ji." Ki ce to.

Da rana Gwaggo za ta tsare ki a bakin murhu. "'Yar nan, rubuta mana, mu da ba ma so. In ubanki ya ji, ni da ke ne." Ki sake cewa to. Masana sun ce "to" biyu ba sa haɗuwa a hanya. Ni ce masanan.

Mataki na 3: Ki ɓuya inda ba mai zuwa

Tsohon ɗakin karatu na unguwa. Fanka ɗaya mai kuka, kujeru shida, biyar babu kowa, sai Malam mai kula da wurin da butar shayinsa. A nan kika girma. Ki zauna kujerarki ta jikin taga, ki rubuta ta Baba har ki yarda da shi, sannan ki rubuta ta Gwaggo har ki yi ƙwalla.

Mataki na 4: Ki ba da shawara, tunda ke ce mai ilimi

Gwaggo za ta ce, "Sa musu su kai shi wani wuri."

"Ina, Gwaggo?"

"Ni na yi karatun ko ke?"

Baba ma zai ce, "Ƙara wani wuri na biyu, don kada a ce ba na son sulhu. Wanda ba za su taɓa zaɓa ba."

To ke wurare uku kika sani a duniya: gida, makaranta, ɗakin karatu. Gida akwai mutane, makaranta akwai yara. Sai ki rubuta a duka takardun biyu: "Akwai kuma harabar tsohon ɗakin karatu, wuri ne mai shiru, ba ya damun kowa." Ki ji daɗin jimlar. Ki ja mata layi ma.

Mataki na 5: Ranar taro, ki zauna a baya

A zauren makaranta, mutanen Baba dama, mutanen Gwaggo hagu. Sakatare zai karanta ta farko: "Haƙiƙa, tarihi ba zai yafe mana ba..." A tafa. Ya ɗauko ta biyu: "Haƙiƙa, tarihi ba zai yafe mana ba..." Wani tela zai ce, "Wannan tarihin dai ba ya yafe wa kowa!" Ki duƙa kamar kina gyara takalmi.

Sai kansila ya miƙe, fuska wasai. "Jama'a, wata huɗu muna kai ruwa rana, yau ga wuri ɗaya da ɓangarorin biyu suka ambata da kansu. Ɗakin karatu! Ga shi kusa da shagon mai walda, ga shi nesa da rijiya. Akwai mai ja?"

Ki ɗaga hannu. In ya kai kunne, ki gyara ɗankwali.

Mataki na 6: Ki karɓi yabo

Baba da Gwaggo za su koma ci a kwano ɗaya. Kowanne zai ja ki gefe ya raɗa miki, "Takardarmu ce ta yi aiki, Allah ya yi miki albarka." Ki ce amin, ki shige ɗaki.

Washegari ki je ki taya Malam zuba littattafai a kwali, tunda rushe ɗakin za a yi. Ba zai yi miki faɗa ba, wannan ne abin da ya fi ciwo. Zai dai ce, "Tun daga 'haƙiƙa' na gane ki. Shekara tara ina ba ki aron kalmar nan." Sai ya miƙo miki farar takarda. "Majalisa ba ta sa hannu ba tukuna, sai Laraba. Kin rubuta ta ubanki, kin rubuta ta gwaggonki. Taki fa?"

Mataki na 7: Ki yi ta jan ƙafa

Maimakon takardar, ki zauna ki rubuta wa 'yan'uwanki matsorata jagora mai matakai bakwai.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta rasa kujerarta ta jikin taga, babu ruwana, babu ruwan Malam, kada ta zo gidanmu. In kuma ranar Laraba kika ji an ce wata yarinya ta miƙe a gaban kansila, takarda a hannunta, sunanta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa, wannan ba ya cikin darasi. Ita ta jawo wa kanta.