Minsharin Da Ya Ƙwato Mana Asabar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da malaman makarantarmu suka tura ni in yi magana da yawunsu. Shekarar da soja suka koma bariki ce, bakin kowa ya buɗe a Kaduna. Mu ma malaman wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Narayi muka ce tunda dimokuraɗiyya ta zo, sai mun ɗana.

Aiki ya yi mana yawa. Ka koyar tun safe, a tashi ka zauna darasin yamma, ka kwashi littattafan yara ka je gida kana dubawa, ran Asabar ma a ce ka dawo. Abu ɗaya muke nema, a sakar mana Asabar. Mama mai makarantar ta ce ita ba ruwanta, iyaye ne suke so, mu faɗa musu da bakinmu a taron iyaye da malamai.

Malama Ladi ce ta dace da maganar. Aji biyu take riƙe da su, ga goyo. Amma na yi farat na ce, "Malama, wannan ba maganar sanyin murya ba ce. Ku bar ni da su." (Allah ya yafe mini, so nake a ce na iya magana.) Daga ranar abokan aiki suka sa mini suna Sanata, ni kuma har amsawa nake yi.

Ranar taro na ci kwat, rana tsaka, kwanon rufi ya ɗau zafi. Aka ba ni kujera a gaba kusa da Mama, ina fuskantar iyaye. A al'adarmu da addu'a biyu ake buɗe taro. Wani Alhaji ya yi tasa a taƙaice, aka shafa. Sai aka miƙa wa Baba Dogara, dattijo a cocin unguwa. Shi kuwa in ya kama addu'a ba ya barin kowa a baya. Na sunkuyar da kai, na rufe ido kamar kowa. Ina jin sa ya roƙa wa sabuwar gwamnati, ya roƙa wa gwamna, ya gangaro kan kansiloli.

Sauran labari aka ba ni.

Wai an ce amin, kowa ya ɗago, ni ina sunkuye. Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bari ya gama." Wata uwa har tana cewa, "Kai, malamin nan akwai tsoron Allah." Ana nan shiru ana jiran bawan Allah, sai ga minshari, irin na janareton da ya ƙi tashi.

Malam Audu, abokin aikina, ya take mini ƙafa. Na zabura na miƙe tsaye na ce, "Amin!" da iyakar ƙarfina, ga yawu a wuyan kwat. Ɗakin ya kece da dariya. Baba Dogara ya ce, "Ɗana, ka makara, amma Ubangiji ya karɓa."

Jawabin da na haddace ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na koma na zauna, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Wani uba mai aiki a masaƙa ya share hawayen dariya ya ce, "Mama, ko inji ana kashe shi ya huce. Me kuke yi wa mutanen nan?" Sai Malama Ladi ta miƙe da goyonta, ta faɗi komai a hankali, da muryar nan da na raina. Aka ce masu son a soke darasin Asabar su ɗaga hannu. Har Mama ta ɗaga.

A waje malamai suka yi ta rungumata. "Sanata, ka yi jawabi! Gajiyarmu ce ta yi magana ta hancinka!" Na yi ta gyaɗa kai kamar gaske.

To yau zan faɗi gaskiya. Ba gajiya ba ce. Kafin taro na biya wurin wata mai abinci 'yar Binuwai, na narki sakwara da miyar agushi, wai don in samu ƙarfin magana. A duk makarantar ma ni ne mai aji mafi ƙanƙanta.

Abin da na koya shi ne, wanda kaya ke kansa shi ya san inda wuyansa ke ciwo, a bar shi ya faɗa. In kuma dole sai ka wakilci jama'a, to ka je da yunwa.