Rasuwar Loretta, Fankar da ke Kaɗa Alkyabbar Jarumai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da dako ya cinye, Lonnie Tarpley na birnin Atlanta a Amurka yake sanar da abokan aikin fim rasuwar babbar fankarsa, Loretta, wadda ta cika ranar Laraba tana bakin aiki.

Duk jarumin da kuka gani tsaye a kan bene alkyabbarsa na kaɗawa, marigayiya ce a gefe, Lonnie na durƙushe yana riƙe da ita. Ta yi iska a cikin rami. Ta yi a ɗakin da ba taga. Har a duniyar wata ta yi, inda aka ce babu iska sam. Ba ta taɓa neman a sa sunanta a ƙarshen fim ba. Da safe takan ce "gurrr, kas-kas", shi ke nan ta kama aiki.

Ciwon ajalinta ya soma ne da zuwan wani sabon darakta mai son gaskiya, wanda ya nemi a gaya masa ta ina iska ke shiga rufaffen ɗaki. Mutum ya tashi sama ba fiffike, ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, ya mutu a fim na biyu ya dawo a na uku, duk ba wanda ya yi tambaya. Wai iska ce kaɗai ƙarya. Aka jefa Loretta sito, tsatsa ta yi ta cinta. Da suka ga jarumin nasu tsaye kamar wanda ya yafa jiƙaƙƙen tawul, sai suka aiko a fito da ita. Ta yi "gurrr" sau ɗaya, ta tayar da hayaƙi. "Kas-kas" bai zo ba.

Ta bar wayar wuta mai faci, da alkyabbu a rataye, da Lonnie, wanda tare da ita ake ɗaukarsa aiki, ba a taɓa kiransa shi kaɗai ba. An ce yanzu kwamfuta ce za ta riƙa yin iskar. Shi bai iya kwamfuta ba, gwiwoyinsa kuma sun gama yawo.

Za a kai ta filin 'yan gwangwan ranar Asabar da hantsi. Ana neman ƙarti masu ɗauka. Jarumai ba sai sun zo ba, Lonnie ya san abin da suke ɗagawa a fim, soso ne. Daga nan a ci gasasshen haƙarƙari a tsakar gidansa. Kowa ya zo da hularsa, babu abin da zai ɗauke ta.