Rasuwar Ɗan Siriri, Keken Ƙaramin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka rasa wurin zuwa, Ƙaramin Tela na layin bayan kasuwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na tsere, wanda aka fi sani da Ɗan Siriri. Ya cika ne a kan titi, a tsakiyar hawa, bayan doguwar jinyar da ya sha ta ciwon giyar baya, wato ƙarfen da ke canza wa sarƙa wuri.

Marigayin ya shigo gidan ne daga hannun Kawu, a shekarar da gwiwoyin Kawu suka ce sun gaji. Shuɗi ne, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, kaurin tayarsa bai wuce na babban yatsa ba, ga rashin nauyi har mutum ya ɗauke shi da hannu ɗaya ya hau bene. Bai taɓa ɗaukar buhu ba, ko kujerar baya ba shi da ita. Wannan ne babban laifinsa a wurin Babban Tela, yayan mai keken kuma mai shagon, wanda tun ranar farko ya zagaye shi yana kallo ya ce, "Keken da ba zai ɗauko ko bandir ɗin yadi ba, ai sai dai a rataye shi a bango kamar agogo."

Ga waɗanda ba su san gidan ba: Yaya ne ya riƙe Ƙarami bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya koya masa riƙe almakashi, shi ya yi masa aure, shi ya ba shi ɗakin da ke saman shagon. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemun Ƙarami, amma sunan bai canza ba. Shago a ƙasa, ɗaki a sama, matakala a tsakani; iyakar duniyarsa ke nan. Duk ranar da ya tattaro ƙarfin hali ya kawo maganar buɗe nasa wurin, sai Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Ƙarami, na ce maka na gaji da kai ne?" Daga nan magana ta mutu.

Kekuna biyu ne a rayuwarsa. Ɗaya na ɗinki, wanda yake yini yana taka masa feda, ya tashi da yamma ya tarar da kansa a inda ya zauna da safe. Ɗayan kuwa marigayin ne.

Unguwar a cikin kwari take, ta ko'ina mutum zai fita sai ya yi hawa. Da sassafe, kafin a buɗe shago, Ƙarami kan sauko da marigayin a kafaɗa, ya hau, ya nufi tudu. Idan hawan ya yi tsauri sai ya taɓa hannun giya, a ji ƙas, sarƙa ta koma kan babban faranti mai haƙora na ƙafar baya, nauyin duniya ya sauka daga cinyoyinsa. Bayan tudun akwai titi miƙaƙƙe da gonaki, da mutanen da ba su san shi ba, balle su tambaye shi ina kayansu. A gangare kuwa sai ya saki feda, marigayin ya riƙa yin sirrr a ƙarƙashinsa. Bai taɓa jin abin halitta ko na ƙira ya yi masa magana mai daɗin wannan ba.

Ciwon ya fara ne a makon da shagon ya karɓi ɗinkin kayan 'yan makaranta. Aka cika lungun matakala da yadi, aka matsar da marigayin daga inda Ƙarami ya jingine shi bayan fitar safe, ya faɗi ta gefen dama. Da Ƙarami ya sauko ya tarar an tashe shi an jingine, kowa kuma kansa na kan aikinsa. Washegari a hanya ya taɓa giya bai ji ƙas ba. Sai wani kar-kar-kar, sarƙa tana shawara, ta hau ko kada ta hau. Wani lokaci ta tsallake faranti guda. Wani lokaci kuma, ba wanda ya taɓa ta, ta canza da kanta a daidai lokacin da ya miƙe tsaye yana taka feda, ƙafarsa ta zame, gwiwa ta daki ƙarfe.

Mai shi bai yi sakaci da jinya ba, wannan kowa ya shaida. Ya kife shi a kan tabarma, ya wanke sarƙar da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiɗɗiga mata man keken ɗinki. Ya murɗa ɗan mazarin da ke ɗaure wayar giya zuwa hagu, manyan farantai suka gyaru, ƙanana suka ɓaci. Ya mayar dama, ƙanana suka gyaru, manya suka ɓaci. Ya canza wayar ɗungurungum. Ya taɓa ƙananan sukurorin nan biyu masu hana giya wuce iyaka, har ya manta yadda ya same su. Maiɗakinsa, wadda ta gaji da wanke baƙin mai daga tabarma, ta tsaya a kansa ta ce, "Baban yara, da ni nake wannan tarin, za ka kife ni haka ka duba?" Shi kuwa a lokacin sarƙa yake sauraro.

Daga baya ya saci jiki ya kai shi wurin mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin ya tsuguna ta baya, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Tela, ba waya ba ce. Ka ga ɗan ƙarfen nan da giyar ke rataye a jikinsa? Ya lanƙwashe ciki. Komai ka murɗa, a karkace kake murɗawa."

"A miƙe shi mana."

"Ya riga ya yi tsaga. Na taɓa shi, ya karye a hannuna. Irinsa kuwa sai ka shiga cikin gari, ka tafi da keken, ka bi shago-shago ana gwadawa. Yini guda ne cur. Kafin nan, don Allah, kada ka kai shi babban faranti."

Yini guda. Ƙarami ya nema, Yaya ya ce a bari a gama kayan makaranta. Aka gama, kayan biki suka shigo. Ya sake nema, Yaya ya ce, "In ka tafi wa zai yi mini wuyan rigunan nan? Ka san hannun kowa bai kai naka ba." Da yabon aka rufe ƙofar.

Ba babban faranti, ba hawa tudu. Haka marigayin ya ƙare kwanakinsa yana zagaye cikin kwari: ya wuce kantin magani, ya wuce injin niƙa, ya wuce famfon unguwa, ya sake dawowa kantin magani. Kowa ya san mai shi. Ba ya zagaye guda ba a tsayar da shi an tambayi wando ba.

Ana gobe abin zai faru, Yaya ya sanar da yamma cewa daga jibi za a riƙa buɗe shago da wuri, saboda aiki ya yi yawa. Da gari ya waye, Ƙarami ya gane wannan ce safiyarsa ta ƙarshe. Ya hau, ya wuce kantin magani, maimakon ya karya kwana sai ya miƙe ya nufi tudu. Ya taka har cinyoyinsa suka fara rawa, numfashi ya ƙi shiga. Ya hango inda titin ke kwantawa, saura kaɗan. Ya tuna gargaɗin mai gyara sarai. Ya taɓa hannun giya.

Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙarararas. Giyar ta wuce babban faranti ta faɗa cikin wayoyin ƙafar baya, ƙafar ta naɗe ta, ta fizge ta tare da guntun ƙashin bayan keken. Ƙarami ya tsira da ƙujewa a gwiwar hannu. Ya zauna a bakin titi yana kallon giyar tana lilo a jikin sarƙa. Sannan ya saɓa marigayin a kafaɗa ya gangaro. A ƙofar shago Yaya ya dube shi, ya dubi keken, ya ce, "Sannu. Allah Ya tsare gaba. Wanke hannunka kafin ka taɓa farin yadin nan."

Mai gyara da mai walda duk sun duba, sun tabbatar ba irin ƙarfen da ke karɓar walda ba ne.

Marigayin ya bar famfon iska ɗaya, da hular kwano, da gorar ruwa, da tayar gaba wadda ke cikin ƙoshin lafiya amma ba ta san abin da za ta yi da kanta ba. Ya bar Kawu, wanda har yanzu an rasa mai gaya masa. Ya kuma bar takwaransa na ɗinki, wanda bai yi hutun makoki ba.

Za a fitar da gawar gobe da hantsi, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa. Mai shi ya nemi izinin rakiya, amma akwai maɓallai da ba a gama ɗorawa ba. Maiɗakinsa ce za ta wakilce shi zuwa bakin layi. Ita da kanta ta ce za ta je, ta kuma ce za ta tsaya a kan mutumin sai ya kwantar da shi a hankali, ba jefa shi zai yi a kan tsofaffin tukwane ba.

Ana karɓar gaisuwa a shago, kujera ta can ƙurya. Ana roƙon masu zuwa su taƙaita, kada su tare hanyar masu karɓar kaya. Tagar da ke kusa da kujerar tasa bangon maƙwabta take kallo. Saboda haka duk wanda ya samu halartar rakiyar, don Allah ya leƙo ya gaya masa ta wace hanya aka bi da shi.