Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Baba Ɗago-Kai

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, iyalan mai hoton nan na kwanar ofishin fasfo, wanda aka fi sani da Baba Ɗago-Kai, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan sana'a rasuwar kyamararsa, 'Yar Baƙa. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a hawa na huɗu na wani asibiti a ƙasar waje, tana hannun mai ita. Ta yi shekara goma sha shida a bakin aiki. Shi ya zauna ya faɗi abin da za a rubuta, babbar 'yarsa ta riƙe biro, kuma an rubuta yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

Marigayiya ta yi rayuwarta a ɗaki ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga ya san shi: farin ƙyalle a bango, fitilu biyu masu lema, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da madubi wanda aka ɗaure wa mataji da zare don kada ya bi wani gida. A nan ta kalli fuskokin ɗalibai da 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan jinya, har da jarirai waɗanda iyayensu mata ke tallafe da su daga ƙasa don kada hannu ya fito a hoto. Mai ita ba ya ce wa kowa komai sai "ɗago kai kaɗan", inda ya samo sunansa ke nan, ita kuma ta amsa da muryarta da unguwa ta sani: ƙyas-kat. Ba ta taɓa ƙin aiki ba, ba ta taɓa raina fuska ba. Wanda Allah ya ba kyau ta fito masa da shi, wanda bai samu ba ta rufa masa asiri gwargwadon hali. Aibinta biyu ne, kuma ba a ɓoye su: tana da nauyi, sannan murfin batirinta ya karye tun shekaru shida da suka wuce, da baƙin salatif ake riƙe shi.

Duk waɗanda ta ɗauka sun hau jirgi sun tafi. Ita da mai ita ba su taɓa wuce tashar mota ba.

Sai a bana aka kira shi daga waje. Yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya riƙe tun iyayensu suka rasu, har yau ba ya kiranta da komai sai Auta. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta bi mijinta, direban bas, zuwa wata ƙasa mai sanyi. Mijin ne ya kira.

"Yaya, in da hali ka zo. Likitoci sun ce a kira wanda za a kira."

Ya ce to. Ya ajiye wayar, ya goge tebur, ya jera idanun marigayiya guda uku, waɗanda 'yan sana'a ke kira lensi. Daga ranar har aka ba shi biza, sati biyar cur, ba wanda ya ji wata magana a bakinsa in ba tasu ba.

Akwai Dogo, mai jawo tsuntsun da ke kan falwaya ya kawo shi kan hanci, amma nauyinsa kamar bulo. Akwai Mai Faɗi, wanda ke haɗiye titi guda da gidajensa, sai dai yana lanƙwasa fuskar duk wanda ya tsaya a gefe. Akwai kuma Gajere, ɗan ƙarami mara hayaniya, wanda ke gani ko a ɗaki mai duhu-duhu, kuma da shi aka ci abinci duk shekarun nan, domin shi ne na fuska. An ce masa jakar hannu kada ta wuce kilo bakwai. Ya aro sikeli wajen mai sayar da gas, kullum da safe ya auna, ya cire wannan ya mayar da wancan, ya sake aunawa kamar a tsakanin jiya da yau wani ya rame.

'Yarsa ta ce, "Baba, ka bar tsohuwar nan ta huta mana. Akwai sababbi yanzu kamar kwalin sabulu, ido ɗaya ya ishe ka nesa da kusa."

Ya ce, "Shekara sha shida tana sallamar mutane. Ranar tafiya ta zo, sai in kulle ta a ɗaki?"

Maiɗakinsa, wadda ta fi kowa sanin shirunsa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka kira Auta kuwa yau?"

"Zan kira. Miƙo min sikelin nan."

A ƙarshe bai bar ko ɗaya ba. Ya tafi da su ukun, ya rataya marigayiya a wuya, ya cire rigar sanyin da aka saya masa don jaka ta rufu.

Ya sauka ya tarar da yayyafi da iska mai ratsa ƙashi. Washegari mijin Auta ya kai shi asibiti. Gadaje huɗu ne a ɗakin. Mutumin da zai iya tuna fuskar wanda ya ɗauka shekara goma baya ya wuce gadon ƙanwarsa ya nufi na gaba.

"Yaya, ga ni nan."

Ya dawo ya zauna. Ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ya gaya mata kowa yana gaishe ta. Ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai ya ajiye shi a kan robar ƙarin ruwa. Ita ce ta ga abin da ke wuyansa, ta yi murmushi.

"Har yanzu tana nan? To, ka ɗauke ni. Yaran nan ba su da hotona na kirki. Ina so su sami wanda kai ka ɗauka."

Ya dubi taga ya ce, "Hasken nan bai yi ba. Sai gobe."

A nan ne ciwon ajalin marigayiya ya fara. Kullum sai ya zo ya zauna abin da bai kai awa ɗaya ba, ya ce haske bai yi ba, ya sauka ya shiga gari da ƙafa. Ya ɗauki gada da Mai Faɗi. Ya ɗauki fararen tsuntsayen kogi da Dogo. Ya ɗauki jiragen ƙasa, da wani agogo a saman gini, da wani tsoho da ke watsa wa tattabaru burodi. Yatsunsa su sandare, ya faɗa shago mai ɗumi, ya fito, ya sake faɗawa wani. Duk shigar da ya yi sai raɓa ta rufe gilashinta. Ya san ƙa'ida sarai, shi ya sha koya wa wasu: in an fito da ita daga sanyi a bar ta a jaka ta huce a hankali. Bai yi ba, sai dai ya goge da bakin riga ya ci gaba. Batirinta ya fara ƙarewa kafin azahar. A kwana na shida muryarta ta rabu biyu, ƙyas, sai an jira, sannan kat. Ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Kwana tara aka yi haka.

Ranar Talata, ana gobe zai taso, ya shiga ya tarar ma'aikaciyar jinya ta tayar da Auta zaune, ta jera mata filo uku a baya. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta shafa ɗan jan-baki. Rana kuma ta fito, karo na farko tun zuwansa, ta shigo ta taga ta kwanta mata a kumatun hagu. Babu sauran abin da zai ce game da haske.

Ya cire Dogo ya ɗaura Gajere. Ya ja baya taku biyu, ya ɗora ido.

"Ɗago kai kaɗan."

Ta ɗago, dariya ta kuɓuce mata, irin wadda take yi tun tana 'yar firamare. Ya danna.

Ƙit.

Wannan ita ce maganar marigayiya ta ƙarshe. Cikin gilashi ya yi baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, shiru. Ya ɓare salatif, ya zare batir, ya mayar, ya danna, shiru. Ya duba allon bayanta, babu hoton da ya shiga.

"Yaya, ban ji ƙararta ba."

"Na rage mata murya ne, saboda marasa lafiya."

"Na yi kyau?"

"Kin yi."

"Nuna min."

"Sai na wanke na sa a firam. Kin san ba a ganin aikina ɗanye."

Ta ce haka ne, ta koma ta jingina, ta lumshe ido, don zaman ya gajiyar da ita. Wayarsa tana aljihun gaba, cike da caji. Bai ciro ta ba, kuma ya ce a rubuta cewa har yau bai san dalili ba.

Da ya dawo gida ya kai marigayiya wajen mai gyara, abokinsa na shekara ashirin. Mai gyara ya buɗe ta a kan farin tawul, ya duba da tabarau, ya ce labulen cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, ya tsage, ga tsufa ga danshi, kuma an daina ƙera irinsa. Ya mayar da ƙusoshinta ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Baba, ta yi iya yinta."

Auta ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan dawowarsa. Kiran ya same shi yana gyara wa wani ɗalibi zama a kujera, da kyamarar aro a hannu. Ya saurara, ya yi mata addu'a, ya ajiye wayar. Ya ɗauki ɗalibin, ya wanke, ya yanka guda huɗu da almakashi, ya sa a ambulan ya miƙa masa. Har yanzu bai yi kuka ba, na wannan ko na waccan. In an ajiye abinci yana ci, in an gaishe shi yana amsawa, yana buɗe shago a kan lokaci.

Marigayiya ta bar idanu uku, duk lafiyarsu ƙalau. Ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura, da caja, da igiyar wuya da gumi ya cinye, da jaka mai zif ɗaya. Ta bar memori ɗauke da hotuna ɗari shida da goma sha huɗu na gada da kogi da tsuntsaye. Ya duba su sau ɗaya. Ya ce a matsayinsa na ɗan sana'a ba zai yi ƙarya ba, sun yi kyau, akwai ma wani tsuntsu da aka kama da ɗigon ruwa a bakinsa.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a shago. Za a naɗe ta a ƙyallen da ake goge ta da shi, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora a saman kabad. Ba za a sayar da ko ƙusa ɗaya daga jikinta ba, masu tambaya su yi haƙuri. Dogo da Mai Faɗi za su koma hannun mai gyara, ya ba duk ɗan sana'ar da ya ga zai riƙe su da amana. Gajere zai zauna a aljihun tebur. Za a karɓi gaisuwa a bencin ƙofar shago har rana ta faɗi, kuma ana roƙon masu zuwa kada kowa ya taho da shawarar irin kyamarar da ta kamata a saya.

A ƙarshe, ana sanar da mijin Auta, wanda ya kira sau uku yana tambaya, da 'ya'yanta biyu, waɗanda suka riga suka sayi firam suka kafa ƙusa a bangon falo, abin da bakin Baba ya kasa faɗa a waya. Babu hoton. Bai ɗauku ba, kuma tun a ɗakin ya sani. Yana neman gafararsu. Ya ce ƙusar, su cire ko su bar ta, duk wanda suka zaɓa ba zai ce komai ba.

Allah ya jiƙan Auta, ya ba mu haƙurin abin da ya saura.