Zoɓon Tsaunin Karantina

Duk unguwar Karantina ta Jidda babu mai ilimin inabi kamar maƙwabcinmu Isha'aku direba, wanda muke kira Shehun Kwalba. Bai taɓa ɗanɗana giya ba, Allah ya tsare, mutumin sahun gaba ne a masallaci. Amma ya daɗe yana tuƙa wani injiniya ɗan Ajantina, kuma daga kujerar direba ya haddace karatun kaf.

Da la'asar sai ya gyara hula ya buɗe mana darasi: "Jan ruwan inabin da ya amsa sunansa, a kan tsauni ake noma inabinsa, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Sannan a ajiye shi ya tsufa. Tudu, sanyi, daɗewa. Magana ta ƙare."

Ko shayi aka miƙa masa, sai ya jujjuya kofin, ya tura hanci, ya lumshe ido, ya ce wannan ganyen ɗan kwari ne, bai ga tsauni ba.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Maraɗi ya ƙarato, takara ta tsaya tsakaninsa da Husaini tela. Isha'aku ya ƙudurta zai shayar da dattawa abin da manyan duniya ke sha, amma na halal. Ya sa matarsa Mastura ta dafa zoɓo mai sukari, ya ɗura a kwalaben da injiniya ya zubar, ya toshe bakinsu. Da yake unguwarmu ba tsauni, sai ya hau rufin bene ya jera su gindin tankin ruwa. Tudu ya samu. Ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Sanyi ya samu. Sauran aikin ya bar wa zafin ranar Jidda, wata da watanni.

Ranar walima dattawa suka cika falo, Na'ibin masallacinmu na gaba cikin farar jallabiya. Isha'aku ya ɗaga kwalba kamar jariri ranar suna.

"Allah gafarta malam, yau za ku san bambancin shugaba da tela."

Yana taɓa marfin sai tau! Kumfa ta yi tsalle ta rina Na'ibi daga gemu har gwiwa. Wari kuwa, ko ɗan sanda mai mura zai shaida shi daga bakin titi. Ashe ilimi bai yi ƙarya ba: Shehu ya haɗa giya ta gaske.

Nan take kowa ya tuna da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar. Waɗanda tasu ta mutu su suka fara kai ƙofa, wasu da takalmin wasu. Shehu ya wuni yana tuttule tsauninsa a bayi, Mastura na bin sa da turaren wuta tana tambayarsa ko shi ma warin na kan tudu ne.

Husaini ya ci zaɓe da shayi da busasshen burodi.

Amma kada a ce karatun ya tafi a banza. Har yau in Isha'aku ya miƙa wa Na'ibi kofi, ko na zamzam ne, sai malam ya jujjuya, ya tura hanci tukuna.